Daga Samaru Zuwa Sabon Gari A Kan Sawun Babur Mai Hayaƙi

 Na san wasunku da sun ga kan wannan rubutu za su ce, to ita kuma wannan me ya haɗa ta da babur, ba labarin soyayya muka san ta da shi ba? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Mu marubuta akwai wata ƙarya mai daɗi da muka saba yi muku, duk saurayin da ke cikin littafi da dalleliyar mota yake zuwa zance, ya sauke gilashi, ƙamshin turarensa ya cika layi. Amma tsakani da Allah, a unguwarku samari nawa ne ke zuwa da mota? Ai babur ne. Babur ke kai mu makaranta, shi ke kai mu asibiti da gidan biki, kuma kullum mu ne a baya, mayafi na kaɗawa, alhali ba mu san komai ba game da abin da muka ɗora rayuwarmu a kansa.

Littafin da nake rubutawa yanzu jarumin cikinsa bakanike ne ɗan Zariya, shi ya sa na tattara na tafi Samaru gidan gwaggona na yi kwana huɗu a cikin watan Agusta, ɗanta da nake kira Yaya ya zame mini ɗan jagora.

Wadda ba ta taɓa zuwa Samaru ba, to titi guda ne ya raba ta biyu, wato hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Ɓangare guda Jami'ar Ahmadu Bello ce, wadda aka buɗe a 1962, da dogayen bishiyoyinta da katangarta, ɗaya ɓangaren kuma gari ne, kasuwa da shagunan buga takardu da masu shayi da ɗalibai kamar an yi ɓarinsu. Sai dai kafin jami'a, noma ne ya fara ɗaukaka sunan Samaru. Tun 1922 Turawa suka kafa gonar gwaji a wurin, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yanzu. Idan kin taɓa ganin buhun iri a wajen Babanku an rubuta SAMMAZ ko SAMNUT ko SAMPEA, to wannan SAM ɗin Samaru ke nan, masara da gyaɗa da waken da aka inganta a can ne. Kuma irin nan ba da ƙafarsa yake zuwa ƙauye ba, sai malamin gona ya kai shi, shi kuwa malamin gona sai da abin hawa. Nan ne babur ya shigo cikin labarin.

Da ka bar kwalta ka yi bayan gari wajen Bomo, sai jar ƙasa, ga damina ta yi tsakiya, hanya duk ta zaizaye, taɓo har idon sawu. A nan Yaya ya kai ni wajen wani dattijon bakanike mai gareji a gindin dogon yaro. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “'Yata, ke ce mai rubuta littafin? To zauna, amma tattara hijabinki, nan ko'ina baƙin mai ne.”

A jingine da bishiyar akwai wani babur da ban taɓa lura da irinsa ba. Dogo ne kamar ɗan raƙumi, siriri, tayoyinsa duk ƙuraje-ƙuraje, madigadin gaba ya ɗage can sama nesa da taya, salansarsa kuma maimakon ta kwanta a ƙasa sai ta kumbura kamar cikin maciji ya haɗiyi kwaɗo, ta bi ta sama ta fita a gefen kushin. Baba ya ce wannan shi ne Yamaha DT, babur ɗin daji. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara fito da kakansu a 1968, daga baya aka yi ƙananan, mai lamba 125 da mai 175, shi ma kamfanin Suzuki yana da nasa da ake kira TS. Komai na jikinsa da dalili. Tayar gaba inci 21 ce don ta haye rami ba tare da ta kafe ba, an ɗaga madigadi don kada taɓo ya cushe ya riƙe taya, an ɗaga salansa don a tsallake rafi ruwa bai shiga ba.

Ya ce shi a kan baburan malaman gona ya koyi aiki yana yaro, lokacin da Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, aka baza malamai ƙauye-ƙauye. “Mutum ya fita da asuba da buhun iri a kariya, ya dawo da magariba kamar an tono shi daga rami, amma babur bai ce uffan ba.” Yana faɗa yana shafa tankin kamar mai shafa doki. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, don a kaf Samaru irin wannan na asali guda uku kacal idona ya gani a kwana huɗun nan, biyu ma ba sa tashi.

Na ce, “Baba, me ya sa wasu babura suke hayaƙi wasu ba sa yi?”

Ya yi dariya ya ce ai tambayar ke nan da ya kamata kowace yarinya ta yi. Ya ce in ɗauka cikin inji turmi ne da taɓarya. Taɓaryar ita ce fistin, tana hawa tana sauka a cikin bulo. A babur irin Boxer na kamfanin Bajaj da 'yan acaɓa suka fi hawa yanzu, sai taɓarya ta hau sau biyu kafin fulogi ya ba da wutar da za ta ƙona mai sau ɗaya, shi ake ce wa mai bugu huɗu. A mai hayaƙi kuwa, duk hawa ɗaya wuta ɗaya, shi ne mai bugu biyu. Shi ya sa yake da zafin nama, ka taɓa totur ya zabura, ga shi ba nauyi, ba shi da bawul da tarkacen da ke tare da shi, yaro ma zai iya kwance shi a kan buhu ya mayar kafin la'asar.

Amma yana da halinsa. Mai bugu huɗu yana ajiye baƙin mansa a ciki, ya yi ta zagayawa har ranar juye. Shi kuwa mai bugu biyu, man da ke shafe fistin tare da fetur yake shiga, tare suke ƙonewa, wannan shuɗin hayaƙin da ke bin bayansa man ne. Kun san ƙaramin janareta Tiger da ake zuba wa fetur a ɗiga masa baƙin mai a girgiza? To uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, har kukan iri ɗaya ne. A babur an hutar da mutum girgizawa, akwai ɗan tanki a gefe da ake zuba man da aka rubuta wa 2T, da wani ɗan famfo da ke auna shi yana turawa daidai da gudun da ake yi. Ku riƙe maganar famfon nan, za mu dawo kanta.

Ba babur ɗin daji kaɗai ke da irin wannan inji ba. Basfar da iyayenmu suka yi tashen zuwa zance da ita, da Yamaha 100, da Suzuki 100, duk masu bugu biyu ne, haka ma Jincheng ɗan Sin da ya cika tituna a shekarun 2000, wanda kwaikwayon Suzuki ne. Abin da ya karya su shan mai ne, domin wani kaso na fetur ɗin yana bin salansa ya fice bai ƙone ba. Da Boxer ya zo da tsimin mai sai 'yan acaɓa suka koma kansa. Balle kuma da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Mai neman abin kai wa gida ba zai iya riƙe mai hayaƙi ba. Sai tsofaffin suka faɗi warwas, suka koma hannun samari masu neman abin wasa.

Nan fa na zo inda raina ya fara ɓaci. Da yamma Yaya ya kai ni wani fili a bayan gari inda suke taruwa, samari sun kai ashirin, mafi yawansu ba su wuce sa'annin ƙannena ba. Tun da na asali ya yi wuya, sai su sayi tsohon Jincheng ko Suzuki su mai da shi na daji da ƙarfi da yaji. A cire madigadi a ɗaure wani a sama, a sa tayoyi masu ƙuraje, a canja kai a sa mai faɗi, a fesa fenti kore ko ruwan lemo, a manna sitika har ba ka ganin tanki. Wannan duk ado ne, ban ga laifinsa ba, mu ma ai muna kashe kuɗi a kan lalle da ɗinki. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wasunsu gwanaye ne. Na ga wani siririn yaro ya ɗaga tayar gaba ya tafi a kan ta baya har ƙarshen fili, na riƙe baki. Da a wata ƙasa yake, inda ake da filin tsere da hula da likita a gefe, da sana'a ce a hannunsa.

Matsalar tana wajen abin da suke cirewa. Na tsaya na ƙirga a babur ɗin Yaya kansa: ba madubi, ba sigina, ba murfin sarƙa, ba ɗan ƙarfen da ke rufe salansa don kare ƙafa, sannan an zare hanjin salansar don ta yi ƙara. Na ce, “Yaya, wannan duk na mene ne?” Ya ce wai don ya rage nauyi ya ƙara gudu.

Washegari na kai ƙararsa wajen Baba. Ya ce rabin maganar shirme ce. Wannan kumburin cikin salansar mai bugu biyu ba ado ba ne, shi ke mayar da fetur ɗin da ya so gudu ya koma cikin inji ya ƙone, wato salansar ma wani ɓangare ce na ƙarfin babur. Daga baya na karanta cewa wani injiniya na Jamus ta Gabas mai suna Walter Kaaden ne ya ƙware a wannan dabara a shekarun 1950, kuma sai da lissafi ake yanka ta. To ina lissafi a wajen mai waldar bakin titi? Ka fasa ta da ka, ƙara ta ƙaru, maƙwabta su yi ta Allah ya isa, ƙarfi kuwa sau da yawa raguwa yake yi. Shi dai mahayin kunnensa ne ke yaudararsa.

Gyaran da ke da ma'ana, in ji Baba, ba ya ƙara. Idan bulo ya cinye sai a kai a faɗaɗa raminsa kaɗan a sa fistin da ringi masu ɗan girma, mataki-mataki, daga 0.25 zuwa 0.50 har 1.00 na milimita, daga nan bulo ya gama aiki. Haƙoran da sarƙa ke bi a tayar baya kuma, in ka sa babba babur zai yi ƙarfin ja a taɓo da hawa amma gudunsa ya ragu, in ka sa ƙarami ya yi gudu a kwalta amma ya yi sanyi wajen tashi. Ba a samun duka biyu.

Sai maganar famfon nan. Ya ce samari da yawa da ya ɗan ba da matsala sai su toshe shi, su riƙa zuba mai a tanki da ido, wani ma man juye na mota yake saya a kwalba don araha. Ran da aka manta, ko aka sa bai isa ba, fistin zai yi zafi ya kumbura ya kafe a cikin bulo, kuma ba a tsaye yake kafewa ba, sai ana tsakiyar sheƙa gudu. Tayar baya ta ƙulle nan take. Shi mai tuƙi yana riƙe da kai, in ƙwararre ne ya damƙe kuloci ya tsira. Wadda ke baya fa, me take riƙe da shi? Jakarta.

A rana ta uku muka hau Keke muka nufi Sabon Gari don in ga inda ake sayen kayan. Tafiyar kanta abin kallo ce. Ka wuce Palladan inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun 1964, ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi a kanka, ka biyo ta ƙarƙashin gadar Kwangila inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa, tireloli da masu rake da masu kiran Kano-Kano, kowa na ihu, ka gangaro PZ, wadda ta samo sunanta daga tsohon kantin Turawa na Paterson Zochonis. Daga nan ka shiga Sabon Gari. Jirgin ƙasa ne ya haifi garin nan, bayan dogo ya iso Zariya a 1911 aka zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi a wurin, har yau kuma in kika tsaya minti biyar a bakin kasuwa za ki ji Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka duk a lokaci guda.

Shagunan kayan babur a jere suke, tayoyi a rataye kamar yanka, kwalayen fulogi har rufi. Muka shiga na wani Ibo mutumin Nnewi, garin da ya yi suna a duk Nijeriya wajen cinikin kayan babur, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ce, “Hajiya, me za a kawo?” Ya fito mana da fistin kala uku na babur ɗaya, ya jera a kan kanta: na Japan da aka ciro daga tsohon inji, na Indiya, da na Sin mai araha. A idona duk ɗaya ne. Ya ce a idon samari ma ɗaya ne, sai bayan wata uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani tsibi ne da na gani a bayan shagon wani mai gwangwan. Murafan sarƙa ne da madubai da ƙarafan kare salansa, wasu ko ƙwarzane babu, an ciro an sayar a kilo. Na tsaya ina kallonsu, na ga ai kusan duk abin da ke tsibin nan ba don mai tuƙi aka yi shi ba. Shi wandonsa a ɗame yake, ƙafarsa na gaba. Murfin sarƙa don mai dogon hijabi da zani ne. Ƙarfen salansa don ƙwaurin wadda ke baya ne.

A ajinmu na sakandare akwai wadda bakin hijabinta ya shiga tayar baya ana dawo da ita daga islamiyya. Kafin mai babur ya ankara hijabin ya naɗe ya fizgo ta ta wuya, ta faɗo da ka. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta yi wata biyu a kwance, jarrabawar ƙarshe ta wuce ta. Ƙunar salansa kuwa ba sai na ba da labari ba, a taron biki in mata goma suka ɗage zani za a sami mai wannan baƙin tabon a ƙwaurin dama.

Saboda haka ga abin da na koyo, kuma ba ya buƙatar ki zama bakanike. A galibin baburanmu salansa a dama take, sarƙa a hagu. Ki hau ta hagu ki sauka ta hagu. Kafin ki hau ki leƙa, in kin ga sarƙa tsirara to ki tattare hijabi da mayafi gaba ɗaya ki danne a cinya, ko ki haƙura ki jira wani. Masu zaman gefe guda su suka fi shiga haɗari, don ƙafafunsu da bakin zaninsu duk a ɓangaren sarƙar suke, kuma da an taka birki ba abin da zai tare su. In babur ba madubi, mai shi bai san abin da ke tahowa ta bayanki ba. In kuwa tsautsayi ya sa salansa ta ƙone ki, ruwan sanyi mai tsabta za ki yi ta kwarara wa wurin kamar minti ashirin, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri ko baƙin mai, sannan a je asibiti in wurin ya tashi.

Hular kwano kuwa abin dariya muka mai da ita. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu 2009, ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa a ka a Kano, har gidajen rediyon waje suka ɗauka. A filin samarin nan ban ga hula ko ɗaya ba. Kuma su ne ake gayyata rakiyar amarya, su ɗauki ƙawaye bibbiyu suna wasa a titi, mu kuma muna shewa. Ni dai a bikina, in Allah ya kawo, ba za a yi wannan ba, ko da dangin ango za su ce na cika iyayi.

Kada ku ɗauka ƙin babur nake yi. A ƙarshen Satumba 2021, da gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wani lokaci saboda 'yan bindiga, gwaggona ta ce a nan suka san darajarsa, mai naƙuda daga ƙauye sai a amalanke. Ni burina ma ya wuce zaman baya. A Maraɗi da Damagaram mata Hausawa 'yan'uwanmu suna tuƙa ƙananan baburansu da lulluɓinsu su je aiki su dawo, ba wanda ke juyowa ya kalle su, a Sabon Gari ma na ga wata mai sayar da kifi ta ɗauro kwali a baya tana tuƙa kanta. Da na faɗa wa Baba haka sai ya ce in na sake zuwa zai koya mini a filin makarantar firamare ranar Asabar, amma ba a kan DT ba, don ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba.

Kafin mu bar wajen mai gwangwan na sa aka zaƙulo mini murfin sarƙar Jincheng, sama da ƙasa, na biya da kuɗin motata. Yaya ya ce wallahi ba zai sa ba, abokansa za su ce ya koma babur ɗin tsofaffi. Ban yi masa musu ba, da muka isa gida na miƙa wa gwaggo, na gaya mata cewa a kan babur ɗin nan yake kai autarta makaranta kowace safiya. Da asubar ranar da zan taho na jiyo ƙarar sifana a zaure, yana ɗaurawa yana ƙunƙuni, gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno da carbinta tana kallonsa har ya ɗaure noti na ƙarshe.